Tsakanin Caji Biyu

Solvej Munk ta miƙa hannu ta ɗauki takardar tambayar jarrabawa da ta fi kusa da ita a kan tebur. Ta juya ta. Cajin lantarki ne, da makamashin da ke ajiye tsakanin caji da caji: babin da ya kayar da ita bara.

"Karanta mana, Solvej," in ji Asger, malaminta na fiziks a makarantar manya.

Ta karanta. Matar da aka turo daga wani gari don ta sa ido a jarrabawar, Birthe Kragh, ta rubuta lambar tambayar ba tare da ta ɗago kai ba. Aka kai Solvej ɗakin shiri, aka ja mata ƙofa.

Shekarunta arba'in da bakwai. Tun tana budurwa take feɗe kifi a wata masana'anta da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Esbjerg, har ranar da aka tara su aka ce an rufe. Aikin da ya rage a garin yana can cikin teku, a kan dogayen injinan nan da iska ke juyawa suna ba da wuta. An yi mata alkawarin gurbin koyon aikin lantarki a ƙarshen bazara, amma sai ta ci fiziks. In ta sake faɗuwa, gurbin na wani ne.

Da aka kira ta, ta tsaya gaban allo ta zana ɗigo, ta sa masa alamar tarawa. Ta ce caji biyu masu alama iri ɗaya ture juna suke yi, don haka duk wanda zai matso da ɗaya kusa da ɗaya sai ya yi aiki, kuma aikin nan ba ya ɓacewa, ajiye yake a tsakaninsu. Muryarta ta fara daidaita. Sai ta zo wurin lissafi, ta raba da nisa sau nisa maimakon nisa kawai.

"Ƙarfin turi kike nema ko makamashi?" Asger ya tambaya a hankali.

Ta goge da gefen hannu, ta gyara, alli ya karye. Ta manta sunan ma'aunin da ake auna abin da shi, sai da aka tuna mata. Zufa ta jiƙa mata bayan riga, ga shi kuwa ruwan sama ake yi a waje.

Sai a lokacin Birthe ta ajiye biro.

"Zana mini caji biyu daidai wa daida, dukansu masu alamar tarawa. Yauwa. Yanzu sa ƙarami na uku a tsakiyarsu cif. Ina zai nufa?"

"Ba inda za shi. Na dama na tura shi, na hagu na tura shi, sun kashe juna."

"Haka ne. To makamashinsa fa a wurin?"

"Sifiri," in ji Solvej.

Ɗakin ya yi tsit. Asger ya zuba wa kofin gahawarsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Solvej ta san wannan shirun, shi ne na bara. Ta ji ƙafafunta na so su kai ta ƙofa.

"Ban ce kin yi kuskure ba, ban ce kin yi daidai ba," Birthe ta ce. "Abu ɗaya nake so in ji. Yaya aka yi ya zo wurin? Ba a nan aka haife shi ba."

Solvej ta dubi allon. Ta ɗora yatsa can ƙasa, nesa da ɗigo biyun, ta fara jawo shi sama sannu a hankali. Daga nan ƙasa ba sa kashe juna. Dukansu biyu baya suke tura shi, kuma yana matsowa sai an ci gaba da dannawa, har ya isa tsakiya.

"Dakata," ta ce, ta manta da wa take magana. "An sha wahala kafin a kawo shi. Duk hanyar nan tura shi aka yi, su biyun suna hanawa. To aikin yana nan, bai je ko'ina ba. Ba sifiri ba ne. Na wannan da na wancan haɗa su za a yi, ba ragewa ba."

"Rubuta," in ji Birthe.

Ta rubuta da guntun allin, wannan karon da nisa kawai.

Aka ce ta jira a waje su yi shawara. Ta zauna kan benci tana kankare farin alli daga ƙarƙashin farcenta. Da aka sake kiranta, Asger ne ya yi magana.

"Maki huɗu muka ba ki, daga biyu ake ci. Lissafinki na buƙatar aiki sosai, kada ki ce ban gaya miki ba. Amma kin ci."

Birthe ta miƙa mata hannu. "A can cikin teku kada ki riƙa ba da amsar farko da ta zo miki baki. Ki jira ta biyun."

Mijinta Preben yana jira a mota a bakin titi, gilashi duk ya yi tururi. Ta shiga ta tarar da ledar biredin kirfa a kan kujerarta.

"To, Farfesa, yaya aka kwashe?"

"Huɗu."

Ya juyo gaba ɗaya. "Huɗu? Wato kin ci?"

"Na ci mana. Me ya sa kake kallona kamar an ce motarka ta kama da wuta?"

Ya shafa ƙeya, kunnuwansa suka yi ja. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe tun makon jiya ya je wurin ƙanwarsa da ke ɗakin wanki na asibiti, ya roƙa ta samo wa Solvej aiki, an kuma ce ta fara ran Litinin.

"Ba wai na raina ki ba ne," ya ce. "Na ga yadda kika yi bara, kin yi wata guda ko labule ba kya buɗewa. Ban so ki dawo gida yau ba ki da inda za ki sa kanki ba."

Solvej ta dube shi. Fushin da ta ɗauka zai zo bai zo ba. Ta buɗe ledar, ta gutsuri biredin, ta miƙa masa rabi.

"Kira ta," ta ce. "Ka ce na gode ƙwarai, ta ba wata. Amma kai za ka faɗa da bakinka, ni ina cin abinci."

Preben ya laluba aljihu ya ciro wayarsa.