Jan Gashi Guda a Wuyan Zakaran Tela

Hantsakin yana hannun Mai Kemis, zakaran kuma yana matse a hammatar Auta, sa'ad da suka ji jan silifa a bayansu. Baba Tela ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango. Rabonsa da taka tsakar gida tun ranar da asibiti suka sallamo shi, ba don ya warke ba.

"Ajiye abin nan," in ji shi.

Mai Kemis maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma allura yake shigowa yi masa safe da yamma. Yau Auta, 'yar tsohon, ta tare shi da wata buƙata dabam. Gobe ake gasar kajin ado, ƙa'idar jinsin zakaran nan kuwa ba ta da sassauci: kowane gashi ya zama fari tas, da siririn baƙi kewaye da bakinsa kamar an bi shi da keken ɗinki. Aka ga wani launi, ko ɗigo ne, an fitar da kaza. Tun da ya bar ɗinki Baba Tela yake haɗa kaji don neman wannan zane, bai taɓa wuce na uku ba. Bana ya samu. Sai dai a gefen wuyan zakaran, a cikin fararen, akwai jan gashi guda.

"Baba, kowa fa haka yake yi," in ji Auta. "Shugaban ƙungiyarku ma a gabana ya taɓa fige biyu."

"Shi ya sa duk wanda ya sayi ƙwai a wurinsa jajayen 'yan tsaki yake samu. Gashi kuke cirewa, jinin yana nan."

"Guda ɗaya ne tak."

"Ni ma abu ɗaya likitoci suka ce za su cire mini. Ga ni nan, sun gyara ni tsaf."

Auta ta kawar da kai. Mai Kemis ya san ba kyautar ce ta dame ta ba. So take ta sami abin da za ta ɗora a tafin hannun mahaifinta tun yana iya riƙewa, kuma shi da yake ganin yadda jijiyoyin hannun ke ɓuya kullum ya fi ta sanin cewa babu wata gasar bayan wannan.

"To a bar shi a gida, Baba," in ji Mai Kemis.

"Za shi. Kai za ka kai shi, ɗan nan. Ka wanke shi, ka shafa masa mai a ƙafa. Kada ka kwantar da gashin nan ƙarƙashin 'yan'uwansa, na san wannan dabarar ma."

Washegari ɗakin taron ya cika da warin dusa da sabulu, keji bayan keji a kan dogayen tebura. Da alƙalin gasar ya iso wurinsu, ya ciro zakaran, ya buɗe fiffike, ya daɗe yana bin zanen da ido. Sannan ya hura gashin wuyan. Ya tsaya.

"Wannan na Tela ne, ko?"

"Nasa ne."

"Na ji labarin jikin nasa." Alƙalin ya mayar da zakaran, ya rage murya. "Zan je in duba layin can. Kafin in dawo, ƙila iska ta ɗauke wani abu."

Mai Kemis ya sa hannu a aljihun rigarsa, sai ya ji sanyin ƙarfe. Ashe Auta ta jefa masa hantsakin bai sani ba. Ba wanda ke kallonsa. Tsohon ma ba zai taɓa sani ba. Zai riƙe kyautarsa, 'yarsa ta sami abin tunawa. Amma shi ne zai zauna a bakin gadon nan da yamma, tsohon ya dube shi ya yi tambaya. Ya zaro hannunsa wayam.

Alƙalin ya dawo, ya sake hurawa.

"Iska ba ta kaɗa ba, ranka ya daɗe," in ji Mai Kemis.

Aka rataya wa kejin alamar fitarwa. Mai Kemis ya juya shi yadda gefen wuyan zai fuskanci masu wucewa, ya tsaya kusa da shi har aka tashi.

Da ya dawo, Auta ta dubi hannuwansa a bakin ƙofa, ta shige kicin.

"Sun gani?" in ji Baba Tela daga kan gado.

"Sun gani. Sun fitar da shi."

"Kafin alƙalin ya gani fa?"

"Kafin ya gani, babu kazar da ya daɗe yana riƙe da ita kamarsa."

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. "Ai dole. Buɗe masa kejin ya sha iska, ya yi aiki yau."

Ranar Litinin da hantsi Baba Tela ya cika, kafin lokacin allura.

Auta ba ta sake yi wa Mai Kemis magana ba sai gaisuwa. Da yamma, bayan masu ta'aziyya sun watse, ya hango ta ta kan katanga, tsugune a gaban akurki da kwanon hatsi a cinya. Tana watsawa kaɗan-kaɗan, kajin suna taka mata ƙafa.