Saƙon Najaha

Sau goma sha ɗaya Sadisu ya danna jan maɓallin, yana tsaye a bayan gidan ƙanwarsa Najaha, hannu sama kamar mai tsinkar magarya. Sau goma sha ɗaya saƙon ya ƙi tafiya.

Aikinsa ke nan, gwajin manhaja: wasu su gina, shi ya bi baya yana neman inda za ta karye. Shekara arba'in da shida, ga furfura ga tumbi, bai taɓa kai wa kowa labari mai daɗi ba. Ita wannan an yi ta ne don masu ciki: naƙuda ta yi tsanani, a danna, likitar Matameye, wato asibitin garin, ta turo mota. A gari tana aiki sarai. Nan bakin iyaka kuwa wayoyi rezon Nijeriya, wato layin sadarwar can, suke kamawa, sai saƙon ya kwanta a cikin wayar.

Najaha na zaune a tabarma da cikin wata takwas, mijinta na ci-rani a Kano. Ta gaya wa Sadisu tunda ga manhaja, har ta sallami Idi mai amalanke, wanda aka yi da shi zai kai ta likita, ya ma tafi Daura aikin bulo. Sadisu ya ce a kira shi ya dawo.

"Yaya ke nan," ta ce tana dariya. "Tun muna yara, ko furar Inna sai ka tsinci tsakuwa. Abin da har a rediyo aka faɗa?"

* * *

A gaban kwamitin aikin ya zana iyaka a allo, ya lissafa ƙauyuka tara, ya roƙi mako biyu a gyara. Kabiru, wanda ya zo da manhajar daga Yamai, bai yi musu ba. Wayarsa kawai ya zaro ya danna, nan take allon bango ya yi ja, alamar saƙo ya iso. Aka tafa.

Alhaji Illa, shugaban kwamiti, ya tuna masa cikin lumana cewa an riga an buga atamfar bikin ƙaddamarwa da kwanan wata a jikinta, baƙi kuma sun amsa gayyata.

"Malam Sadisu, ba mu raina ƙoƙarinka ba. Amma abin da ido ya gani yana aiki, za mu ce wa manya bai yi ba?"

Aka rubuta cewa an gode masa. Har yadi huɗu na atamfar aka ba shi.

Bayan biki, duk baƙon da ya zo Alhaji kan nuna masa taswirar allon: ƙauyukan iyaka kore shar, ko kira ɗaya babu. Matan can, in ji shi, ƙarfi gare su.

* * *

Ranar Laraba da hantsi aka rufe Najaha, abin da ke cikinta bai fito ba. Maƙwabciyarta ta miƙa wa Sadisu wayar a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce sun yi ta dannawa, bi da bi.

Da la'asar ya kamo hanyar gida a kan babur. Yana hango rumfunan kasuwar Matameye wayar ta motsa a aljihunsa, ta sake motsawa. Ya tsaya ya kwance ɗankwalin. Rezon gida ya dawo, saƙonnin suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Bai daɗe a tsaye ba motar likita ta wuce shi da jiniya, sabuwa fil, ta nufi inda ya fito.