Allon Tarago Mai Lamba Tara

Kaji sun gaje kujerun taragon, ciyawa ta haɗiye ƙafafunsa. A jikinsa an shafa jan fenti, alamar ranar Alhamis masu yankan ƙarfe za su zo.

Baba Tikiti, wanda ya shekara ashirin da shida yana huda tikiti a cikinsa, ya tsaya bayan jami'ar gidan tarihi yana murza hularsa.

"Na yarda, Baba, shi ne taragon fasinja na farko a layin nan," in ji ta. "Amma hukuma ba ta karɓar 'na tuna'. Allon tagulla mai lambarsa da shekarar ƙira take nema kafin ta hana a yanka shi." Ta shafa ramuka huɗu a gefen ƙofa. "Wani ɓarawo ya riga mu."

Kalmar ta soke shi. Shi fa mutum ne da ya taɓa sauke surukinsa a tasha saboda rashin tikiti, har gobe ana ba da labarin. Kunya ta rufe shi, ya kama hanyar gida.

Ya tarar da matarsa tana guga. Ya ɗaga dutsen gugar, ya zare abin da take ɗora shi a kai, baƙi ƙirin.

"Malam, lafiya? Ba kai ka ce tsinto shi ka yi ba?"

"Ƙarya na yi miki. Ranar da aka rufe layin na kwance shi. Raina ne ya kasa barinsa."

"Shekara talatin," ta ce, tana ƙunshe dariya. "Ashe da ɓarawo nake zaune."

Da toka da lemon tsami suka goge shi, har lamba tara ta fito tana ƙyalli.

Ranar Laraba ya miƙa wa jami'ar. "'Yata, ga allon, ga kuma ɓarawon."

Ta ɗora shi a gefen ƙofa. Ramuka huɗu suka hau daidai. Ta juyo wajen tsohon.

"Baba, da ka bar shi, da tuni wani ya narkar da shi."

Bayan wata takwas taragon ya fito da sabon koren fenti a gidan tarihi, jama'a sun yi layi, Baba Tikiti na bakin ƙofa da abin hudarsa. Daɗi kamar ya kashe shi. Matarsa ta ratso layin za ta shige.

Ya tare ƙofar da hannu. "Tikiti, Hajiya."

Ta kalli allon, ta kalle shi. "Sai ka biya ni abin ɗora dutsen gugata."