Majinginar da Aka Cire

Tun da hantsi Baba ya sa aka yi masa wanka, aka sa masa farar riga da hula, aka zaunar da shi a kujerar ƙarfe a bakin ƙofa. Auta, ƙaramin ɗansa, shi ya yi duk hidimar nan, har da cusa takalmi a ƙafar hagu wadda ta daina jin magana tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da tsohon. Shagonsa na walda ma yau Auta bai buɗe shi ba.

Tela ake son zuwa gani, aminin Baba tun suna samari. Idon Tela ya mutu, 'yarsa kuma ta zo daga garin da take aure, mai nisan gaske, za ta tafi da shi yau bayan azahar. Babu wanda ya furta, amma kowa ya san ba tafiyar dawowa ba ce.

Baba ba ya shiga mota. Da bakinsa da ya karkace yake cewa, "Mota ta kai ni asibiti a kwance, ita za ta kai ni kabari a kwance. Tsakanin nan da can, a bar ni in sha iska." Iskar kuwa a bayan tsohon babur ɗinsa yake shan ta, wani ƙaton babur na doguwar tafiya mai akwati a baya, akwatin da majingina mai laushi da hannuwa biyu kamar kujerar falo. In aka zaunar da shi a ciki, ko barci ya yi ba zai faɗo ba. Tun da ya kwanta, babban ɗansa ne ke tuƙa shi, wanda unguwa ke kira Manaja saboda yana kula da wani kantin tayil.

Kiɗa suka fara ji, kafin ƙarar inji. Tagogin layin suka ɗauki rawa. Sai ga Manaja ya karyo kwana a kan wani abu baƙi wuluk, dogo kamar kwalekwale, cikinsa na neman shafar ƙasa. Gabansa faffaɗan ƙirji ne mai fitilu kamar idon mage, gefensa akwatuna biyu da suka zube baya sumul. Ya tsaya, ya murɗa totur sau biyu ba gaira ba dalili, sannan ya cire hular kwano yana baza haƙora.

Mai kantin da ke kallon gidansu ya leƙo. "Manaja, wannan babur ne ko gidan biki?"

"Duka biyun, maƙwabci!"

Auta bai yi dariya ba. Idonsa na kan bayan babur ɗin. Babu akwati, babu majingina. Wata 'yar fata ce kawai a manne kamar tafin hannu, ta gangara baya.

"Yaya, ina na Baba?"

"Na yi musanye. Wancan ai ya ci zamaninsa, ya fara cin na wasu." Ya sauko yana shafa tankin. "Baba, duba nan. Wannan shi ake kira mai jaka. Da can jakar fata ake ratayawa, ruwa ya jiƙa wa mutum kaya."

"Na hau," in ji Baba a hankali. "Mai jakar fata. Na hau."

"Yauwa! To sai aka koma akwati. Aka ɗora gilashi, aka ɗora rediyo, aka ɗora wani ƙaton akwati a baya, babur ya koma kamar motar masu ƙaura. Yanzu an waye. An sauke tarkacen baya, an rage gilashi, an bar shi ya miƙe. Ga allo kamar talabijin, shi ke nuna hanya. Ga lasifika har a murfin akwati. Maƙallin hannu ma ɗumi yake yi in ana sanyi. Kuma yana da giyar baya, Baba, kamar mota!"

"Tarkacen bayan da aka sauke, a ciki Baba ke zama," in ji Auta.

Manaja ya dube shi kamar yadda ake duban ƙuda a bakin kofi. "Akwai majingina ta kamfani, mai cirewa da sakawa. Zan sa a kawo."

"Yau?"

"Kai ma ka san ba yau ba."

"To ba ni shi in kai shago. Ina da bututu, ina da soso. Huda huɗu kawai zan yi a nan baya, kafin Baba ya gama shan shayi na gama."

"Huda?" Manaja ya dafe ƙirji. "A jikin wannan? Auta, ƙofar kantin mutane ka ɗauke shi? Wallahi ko da allura ba za a huda shi ba."

"To yaya za a yi da mutumin da hannunsa ɗaya ba ya riƙo?"

Manaja ya danna wani maɓalli, murfin akwatin dama ya ɗago da kansa. Ya tsaya ɗan jim don mai kanti da sauran waɗanda suka taru su gani da kyau, sannan ya zaro ɗamara biyu masu ruwan lemo, irin waɗanda ake ɗaure kwalayen tayil da su a bayan mota, masu ƙugiya da abin tamkewa.

"A ɗaure shi a jikina. Shi ke nan."

Auta ya bi yayansa da kallo. Ya juya ga Baba yana jiran tsohon ya yi tir. Baba ya dubi ɗamarar, ya dubi inuwar katanga da ta fara janyewa.

"A ɗaure," ya ce.

Auta ya sunkuya ya tallafe shi ta hammata. Kafin su ƙarasa, Manaja ya ce, "Dakata, dakata," ya ruga kanti ya karɓo baƙar leda, ya yage ta, ya shimfiɗa a kan 'yar fatar.

"Ta mece ce wannan?"

"Ka san larura. In an shiga gargada, tsoho ba ya iya riƙewa. Fatar nan kuwa in ta sha, ta sha ke nan."

A gaban mai kanti ya faɗa, da matar maƙwabci da ke shanya a baranda. Baba ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Auta ya san ya ji, domin hannun da ke wuyansa ya ƙara matsewa.

Suka ɗaga shi, Auta ta dama, Manaja ta hagu. Ƙafar hagun ce aiki, sai an ɗauke ta da hannu an tsallakar da ita. Tsohon babur akwatunansa a tsuke suke. Wannan kuwa sun baje kamar ƙugun saniya. Auta ya ce, "Yaya, ƙara ɗagawa." Manaja ya ɗaga, amma bai kai ba. Dugadugin takalmin ya sauka a kan murfin, ya ja ƙiii.

"Kai! Fenti!"

Sai Manaja ya saki.

Duk nauyin Baba ya zubo gefe guda. Ledar ta zame, hular ta faɗi ta gangara ƙarƙashin babur. Auta ya tare shi da ƙirji, gwiwarsa ta daki kwalta, kan tsohon ya tsaya kusa da bututun hayaƙi mai zafi har Auta na jin hucinsa a kunci. Matar baranda ta yi salati.

Da Auta ya ɗago kai, yayansa na durƙushe a ɗaya gefen. Ya lashi babban yatsansa yana murza wani farin layi a kan murfin, ya karkata kai ya duba ta hasken rana, ya sake lasa, ya sake murzawa.

"Ya shiga ciki," yake cewa. "Innalillahi. Ya ci har ƙasa."

Mai kanti ne ya zo ya kama, suka mai da Baba kan kujera. Yawu ya zubo ta gefen bakinsa ya ɓata farar rigar. Auta ya goge masa da hannun rigarsa.

Manaja ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ba komai, Baba, tsautsayi ne. A cire masa takalmin kawai, sai a sake gwadawa. Auta, samo tawul a rufe murfin."

Baba ya daɗe yana kallon babban ɗansa. Ba harara ba ce, kallo ne irin wanda ake yi wa abincin da aka buɗe aka tarar ya lalace.

"Kai ni ciki," ya ce wa Auta.

Auta ya ce, "Baba, bari in samo mota. Sau ɗaya dai. A gaba za ka zauna, a sauke gilashi, ni zan riƙe ka."

"Ciki."

"Tela fa yana jira."

"Na ce ciki."

A ɗaki ya sa aka cire masa rigar, aka kwantar da shi yana fuskantar bango. Auta ya zauna a bakin gado yana jin gwiwarsa na zugi. Ya rasa wanda zai fara zagi, yayansa ko kansa da ya kama aka ɗaga. Can ya ciro waya ya kira 'yar Tela, ya ce Baba ba zai samu zuwa ba, ko za su iya biyowa ta nan? Ta ce direba ya riga ya ɗaure kaya, hanyarsu kuma ba ta nan ba ce, amma ga Baban nata.

Auta ya kara wa Baba wayar a kunnen dama. Muryar Tela na fitowa siririya, yana tsiya irin tasu ta da: wai tsohon banza, an ce ka yi sabon doki ka manta da talakawa, wai ya sa an dafa shayi har ya huce. Maganar Baba ko ido da ido sai an kalli leɓensa ake gane ta, balle a waya. Ya buɗe baki, ya yi ƙoƙari, abin da ya fito bai zama kalma ba.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ba na jin ka!"

"To," in ji Baba. "To."

Aka karɓe wayar a can, aka ce sai sun sauka, layin ya yanke.

Sai labulen taga ya motsa. Manaja ne daga waje, ya kara fuska a jikin ƙarfen tagar, ya rage murya kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa.

"Ya yi barci? Auta, don Allah, a cikin masu fentin layinku, wa ya fi iya baƙi?"

Auta ya tashi ya rufe tagar, ya sa sakata.