Mai Hannun Danƙo a Cikin Leda

Shekara shida ina tara katunan Alf Tennock, wani tsohon gola na Ingila da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake kira Mai Hannun Danƙo. Ƙananan katuna ne da ake samu a fakitin cingam a da. Goma sha biyu ne a jere, ina da goma sha ɗaya. Na ƙarshen yana hannun wani dattijo a unguwar Sparkhill ta Birmingham, Mista Harold, mai taurin kan tsiya. Ba ya sayarwa. Da ƙyar ya yarda mu yi musaya da wani katin daban da nake ji da shi, wanda golan ya sa wa hannu da kansa.

A shekarar da ya yarda ɗin ne aka rufe laburaren da ƙanwata Sa'adiya take aiki. Da sallama suka haɗa ta da tsohuwar na'urar manna leda. Tun daga ranar babu takardar da ta tsira a gidanmu na Levenshulme. Takardar haihuwa, wasiƙar likita, har jadawalin kwashe shara.

Safiyar tafiya musayar na buɗe akwatin katunana, sai na gan su suna ƙyalli, an manne su a leda. Dukkansu! Kaina ya ɗauki zafi, na ƙwala mata kira.

“Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa mini kaya?”

“Haba Yaya Uba, danshin flat ɗin nan zai cinye su. Ko can gida ƙasarmu ai laminating ake yi wa abu mai daraja.”

“Satifiket ɗin firamare ne? Katin zaɓe ne?”

Ta turo baki, wai ko na gode ban ce ba.

Haka na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ina huci. Mista Harold ya sa tabarau, ya juya katin mai sa hannun sau ɗaya, ya turo mini abina da ɗan yatsa. Ya ce ledar ta kashe darajarsa. Ina kallo ya mayar da na goma sha biyun cikin aljihun tebur, ya murza makulli. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A jirgin dawowa haushi ya hana ni zama lafiya. Na sa farce a gefen ledar, na ce yau sai ta fita. Na ja a hankali, ta ƙi. Na fizge ta da ƙarfi.

Ledar ta fito, da fuskar golan da sa hannunsa manne a jikinta. Abin da ya rage a tafina farin kwali ne kawai.