Hannayen Dada Ache

Kada ku ce ba ku san Kaltouma ba. Ta shiga gidajenku har ƙuryar ɗaki, inda namiji mai kamera ba ya isa. Ta ɗauki lallen 'ya'yanku da kukan amarenku, kun ce mata ta matsa ta tare muku iska, kun sallame ta da atamfar anko da kwanon dubulan. Abin da ta ɗauka kun kalle shi a wayoyinku har kun haddace. Ita ce dai ba ku taɓa ɗaga ido kun kalla ba.

To ga ta nan kwance a bayan ɗakin uwarta a unguwar Yelwa, cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, an kare wurin da zane. Dada Ache, tsohuwar da ke wanke gawar matan unguwa, tana durƙushe a kanta. Sa'adiya, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ita ke zuba ruwa.

"A hankali, Sa'adiya," in ji tsohuwar. "Ba tukunya muke wankewa ba."

Sa'adiya ta sassauta zubin ruwan. A wuyan Kaltouma akwai baƙin layi inda igiyar kamera ta daɗe tana ci. Dada Ache ta bi wurin da ruwan magarya, ta shafa kamar mai lallashin jariri. Sa'adiya ta kawar da kai. Ba gawar ce ta kasa kallo ba, hannayen tsohuwar ne.

Domin a kan hannayen nan Kaltouma take yin fim ɗinta. Wata gidauniya a Yawunde ta yi shelar za ta tallafa wa matasan arewa masu son aikin fim da talabijin, ta ba su kayan aiki, ta koya musu sana'ar. Sharaɗinsu ɗaya, mutum ya nuna ɗan gajeren aikin da ya yi da kansa. Kaltouma ta zaɓi Dada Ache. Ta yi ta zarya gidanta da goro tun damina, tsohuwar tana korarta, tana cewa ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Daga baya ta yarda, amma da ƙa'ida: ba gawa, ba fuska, hannunta kawai da muryarta. Haka Kaltouma ta ɗauke ta tana tsinke ganyen magarya, tana yaga farin yadi, tana ba da labarin matan da suka bi ta hannunta, tun daga uwar da ta haife ta.

Duk wannan a kati ɗaya yake, ɗan ƙaramin abin da kamera ke adana hoto a ciki. Shi ke nan gare ta. Ba ta da kwamfutar da za ta kwashe aiki ta ajiye. Ƙa'idar sana'arta ita ce, biki ya ƙare, a tura wa masu biki nasu, a goge kati, a jira na gaba. Wannan karon ne kawai ta ƙi gogewa, ta daina karɓar biki, tana jiran ƙawarta Gisèle mai haɗa hotuna a wani gidan talabijin ta dawo daga Yagwa su zauna a kai.

Sai bikin Hibatullahi, 'yar Sa'adiya, ya taso a tsakiyar zafin bazara. Kaltouma ta ce katinta a cike yake, jikinta ma ba daɗi, zazzaɓi yana kai da komo. Sa'adiya ta dafa ƙirji ta tambaye ta ko bare za a kawo ya ɗauki ƙanwarta tana raye. Kaltouma ta ce to a taimaka mata da sabon kati. Nan mata suka yi dariya, wai 'yar gida da neman lada, kuɗin biki ai ya ƙare a kayan ɗaki.

"Ki goge mana, 'yar nan," Sa'adiya ta ce. "Dada Ache tana nan, ba inda za ta. Kya sake ɗauka. Aure kuwa sau ɗaya ake yi."

Kaltouma ta dubi kamerar. Sannan ta ce, "To, Inna." Ta danna, ta goge.

Ta yi bikin nan a tsaye daga kamu har kai amarya, rana tana dukan ƙwaƙwalwa, kowa na kiranta ta zo ta ɗauke shi da sabon ɗinki. Da aka watse ta kwanta. Da aka kai ta asibiti a bayan mashin, likita ya ce an makara.

Ana cikin zaman makoki Gisèle ta iso, ƙurar hanya a ƙafarta, kwamfuta a jaka. Ta durƙusa ta yi gaisuwa da Hausarta mai gauraye da Faransanci, sannan ta ce mutanen gidauniya sun kira. Labarin fim ɗin ya burge su, sun ce ko ba a haɗa ba a turo yadda yake. Ita kuma ta roƙe su, sun yarda in aikin yana nan a ƙarasa shi da sunan Kaltouma. Uwar mamaciyar ta miƙo kamerar a cikin ɗankwali. Gisèle ta zare katin ta saka a kwamfutar. Mata suka matso, har da waɗanda suka yi dariya ranar nan. Sa'adiya tana bakin ƙofa, ta kasa shiga, ta kasa tafiya.

Guɗa ce ta fara tashi daga kwamfutar, a gidan mutuwa. Wata ta ce a rage sauti. Ga Hibatullahi cikin lalle, ga Sa'adiya tana juyi da gwaggwaro. Daga bayan hoton kuma sai muryar Kaltouma, kusa ƙwarai, kamar a kunnen kowa: "Ku ɗan matso. Inna, kalle ni." Tsakanin kalma da kalma ana jin numfashinta yana fita da ƙyar. Uwarta ta rufe fuska.

Gisèle ta duba gaba, ta duba baya. Biki ne kawai. Ta juya ga Dada Ache ta ce, Mama, ko za ta yarda a sake, ita za ta riƙe kamerar.

"Abin da na faɗa wa yarinyar nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba," in ji tsohuwar. "Na ba ta ne don ita za ta rage a bayana. Ga shi ni na wanke ta. Babu saura a bakina."

Ba wanda ya dubi Sa'adiya, ita kuwa ta gwammace a ce sun dube ta.

Gisèle ta kai hannu za ta rufe, sai hoton ya bar amarya. A tsakiyar rawa, ana liƙi, kamerar ta zame a hankali ta ratsa ƙafafun mata, ta wuce tukwane, ta tsaya a gindin katanga. Dada Ache ce zaune ita kaɗai, ta gama cin abinci tana wanke hannu a ƙaramin kwano. Fuskarta ba ta fito ba, Kaltouma ta riƙe alkawari. Hannun dama yana wanke na hagu, yatsa bayan yatsa, ruwa yana ɗiga. Can nesa ana jin muryar Sa'adiya tana kiran Kaltouma ta zo ta ɗauki dangin ango. Hoton yana ɗan rawa, amma bai motsa daga wurin ba.

Gisèle ta ce wannan bai kai a tura ba. Sa'adiya ta shigo ta durƙusa gaban kwamfutar, ta ce a mayar mata baya. Aka mayar. Ta sake cewa a mayar.

Asabar mai zuwa akwai biki a layinku, kuma za ku ga wata yarinya a bakin ƙofa da igiyar kamera a wuya. Ku tambaye ta sunanta. Ku tambaye ta me ke cikin katinta, ku biya ta haƙƙinta a hannu, kafin ta kunna kamerar.