Zaren da Shalmali Ta Yi Alkawari

Nachiket ya sa sabuwar farar riga tun da safe, ya kankare fentin da ke ƙarƙashin faratansa, abin da ko ranar buɗe baje kolinsa bai yi ba. Zanen bango ne aikinsa. Hotunan nan da ke katangar ƙungiyarsu a Nashik, na mutanen da dangi suka kora saboda wanda suke so, duk hannunsa ne. Da aka haife shi sunan mace aka raɗa masa, Manjiri, amma tun yana ƙarami ya san shi namiji ne. Da ya girma ya faɗa, ya canza suna, ya bar gida.

Yau ranar rakhi ce, ranar da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta namiji zare a wuyan hannu. Duk zamansa a gidan nan shi ake miƙa wa zare ya ɗaura wa wansu Sudhir. Bana yayarsa Shalmali ta yi alkawarin zaunar da shi kusa da Sudhir, ta ɗaura masa a gaban uwarsu.

Shalmali kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Littafin da ta rubuta a kan rayuwarsa ya kai ta har Delhi, tana dafa ƙirji a gaban jama'a tana cewa "ƙanena" sai an share hawaye. In ya tambaye ta yaushe za ta faɗi haka a gida, amsar ba ta canzawa: Dada, wato Sudhir, ba zai yarda ba, Aai, wato uwarsu, hawan jini gare ta, a bi a hankali. Ya bi a hankalin har gashin kansa ya fara fari.

Ƙamshin man shanu da gurasar zaƙi ya tarbe shi a ƙofa. Sudhir, wanda Nachiket yake ta jin tsoronsa, yana zaune da tumbinsa a kan 'yar kujerar katako da maza ke hawa ranar. Gefensa akwai wata, babu kowa a kai.

"Kai, mai fenti, ƙaraso mana! Yunwa za ta kashe ni," in ji Sudhir. "Wannan gemun naka nawa ne, gashi huɗu? Zauna, na gaji da saya wa Shalmali kyauta ni kaɗai, bana rabawa za mu yi."

"Dada, wa ya ajiye wannan kujerar?"

"Aai mana. Tun jiya ta sa ni sauko da ita daga rufi."

Nachiket ya juya. Uwar tana bakin kicin tana gyara lagwanin fitilar da ke kan faranti. Ba ta ɗago ba, ta dai ce ya wanke ƙafafunsa tukuna. Murna ta kama shi. Ashe ƙofar da aka ce masa a kulle take, a buɗe take.

Yana fitowa daga wanke ƙafa Shalmali ta shigo, bayanta mijinta da surukarta, tsohuwa mai sanda da ta biyo su ba shiri. Shalmali ta kalli kujerun biyu, ta kalli tsohuwar. Ba ta ko yi jinkirin kunya ba. Ta sunkuya ta ɗauke kujerar ta biyu, ta tura ta ƙarƙashin ƙafafun surukarta.

"Ɗora ƙafa nan, gwiwarki na ciwo." Ta juyo da murmushi. "Manjiri, karɓi farantin nan gun Aai. Ni zan fara ɗaura wa Dada, sai ke."

Sudhir ya buɗe baki, uwar ta riƙe farantin gam ta ƙi saki, amma ba wanda ya iya kunyata 'yar gida a gaban surukarta, kuma Shalmali ta san haka sarai. Da wannan ta yi amfani.

Nachiket ya fita baranda. Ba baƙin ciki ya fi ci masa rai ba, wauta ce. Shekaru yana ƙullatar wansa da uwarsa a kan maganar da ba su taɓa yi ba.

Ta biyo shi, tana magana ƙasa-ƙasa. "Haba, kar ka ɓata mana rana. Ka san tsohuwar nan, kafin yamma duk danginsu sun ji. Ni ce zan koma gidan in zauna da su, ba kai ba."

"Tai," ya ce, yadda ya saba kiran yayarsa, "Dada ya taɓa cewa bai yarda ba?"

Ta gyara bakin mayafinta, ta kalli titi.

"To jibi fa? Taron littafinki a Pune, da kika ce in zo in zauna a layin gaba. Da wane suna za ki kira ni?"

"Kai ma dai!" ta ce, har da 'yar dariya. "Can ai daban ne. Can ba wanda ya san mu."